Fitilar da Ka Sa Aka Cire Daga Bayan Malfa

Zuwa ga Alhaji Mu'azu, Shugaban Ƙungiyar Masu Kai Albasa Kasuwa a Keke,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ranka ya daɗe, ni ne Buhari na Lambara, wanda ka sa aka cire daga ƙungiya ana gab da zaɓe. Sau uku ina zuwa ƙofarka ana ce mini kana barci, har da ranar da nake jin tarinka daga zaure. Shi ya sa na rubuto a fili.

Na farko, bari in tuna maka asalin abin, ko da yake ka fi kowa sani. Mukan ɗaura buhun albasa a kariyar keke, mu hau titin Shagari zuwa Bodinga da an sallame asuba, gari bai waye ba. Buhun nan yana rufe ɗan jan gilashin bayan keke ruf, direban da ke tafe a baya ba ya ganin komai sai ya zo dab. Da babbar mota ta jefa ni rami wata shekara, na zauna na yi tunani, na ga kan mutum ne kaɗai ya ɗara kayansa tsawo. Sai na samu ƙaramar tocila, na rufe bakinta da jar takardar alewa, na ɗaure ta a bayan malfata da robar tsohuwar taya. An yi mini dariya, har ana kirana motar asibiti. Kai ne mutum na biyu da ya saka, Alhaji, tun kafin Allah ya hore maka babur. A zaurena ka zauna na ɗaura maka taka da hannuna.

Na biyu, ranar taron da manyan jam'iyya suka zo daga birni, wani cikinsu ya ga jan abu a bayan malfunanmu, ya tambaya ko alamar 'yan adawa ce. Kalma ɗaya daga bakinka ta isa ta kashe maganar. Ba ka faɗe ta ba. Maimakon haka ka miƙe ka ce kai ma ka daɗe kana zargin abin, ka ce ni na shigo da shi don in raba kan jama'a, ka ba da umarni kowa ya cire. Ina zaune ina kallonka, ka ƙi yarda mu haɗa ido. Wallahi ban taɓa jin zafin magana irin na ranar ba, domin ka san jam'iyya ɗaya muke yi, kuma ka san takardar alewa ba ta da jam'iyya.

Na uku, ga abin da umarninka ya haifar. A wannan tsadar da ake neman batir kamar magani, 'yan ƙungiyar nan suna rage cefane su saya don su dawo gida da ƙafafunsu. Duk da haka suka bi maganarka, saboda kai ne babba. Ran kasuwar da ta wuce, mota ta kwashe Malam Sani, mai 'ya'ya biyar, a kwanar da ke gaban gada a titin nan. Direban ya tsaya, yana rantsuwa yana kuka, cewa bai ga mutum ba sai da ya ji ƙara. Na yarda da shi. Ƙafar Sani ta karye wuri biyu. Da muka ɗaga shi, tocilarsa na cikin aljihu, da sabon batir a ciki.

Ba na roƙon a maida ni ƙungiya, na saba tafiya ni kaɗai da fitilata. Zaɓe ya wuce, manyan sun koma birni, albasa kuma yanzu take fitowa, kullum asuba mutanenmu na kan titi a duhu. Ina roƙonka ka tsaya ran kasuwa mai zuwa, a gaban mutanen da ka yi wa wancan jawabi, ka ce da bakinka kowa ya maida fitilarsa. Ni in na faɗa ba za su saka ba, tsoronka suke ji.

Sannan ka je ka duba Sani. Yana kwance an yi masa ɗori, kuma duk wanda ya zo gaishe shi ya kawo zancenka, sai ya hana, ya ce lallai labari bai kai wa Alhaji ba tukuna. To, yanzu ya kai.

Allah ya ja zamaninka, ya kare ka da iyalinka a kan hanya, ya ba ka ikon gyara abin da ya ɓaci.

Wassalam.

Buhari na Lambara