Funfunar Lallen Gogo

Kano, watan Muharram

Zuwa ga yayata Awadiyya, a Alsawra, Omdurman.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da 'yarki Rania da duk wanda ya rage a unguwa. Ya ciwon gwiwar? Mu nan da sauƙi, matata Mawahib tana gaishe ki. Rania, na san ke ce ke karanta mata, kada ki tsallake ko kalma ɗaya.

Haliru ɗan kasuwa ya kawo mini takardarki. Na gode wa Allah da kika koma gida kika tarar da bango a tsaye, ko da babu ƙofa. Amma da na kai inda kike mini albishir cewa kin tono sammu a gindin lallen mahaifiyarmu Gogo, kin kai wa faki, malamin tsibbu, ya yi addu'a ya ƙone shi, sai da na ajiye takardar na fita waje.

Yaya, ni na binne gwangwanin nan da hannuna, ranar da muka gudu saboda yaƙi. Ba sammu ba ne, aikina ne. Busassun rassan nan na lalle ne da ful mai farin fure mai ƙamshi da sauran itatuwa masu fure, na tsinto su daga Tuti har Hajj Yusuf. Baƙaƙen ɗigon da kika ce alamar mugunta ce, funfuna ce mai tsirowa a ƙarƙashin ɓawo ta fasa shi. A ido duk iri ɗaya ne. Sai an yanka ɗigon an sa a madubin ƙara girma ake ganin 'ya'yansa: wasu a cikin jaka takwas-takwas, wasu a fili, wasu farare, wasu masu ruwan ƙasa da shinge a tsakiya. Da haka muke raba su dangi-dangi mu san sunan kowace.

Ta jikin lallen Gogo kuwa, na duba littattafai, na tambayi masana, ba wanda ya san ta. Sabuwa ce. Kuma ƙa'idar aikinmu, ba a raɗa wa sabuwar funfuna suna sai an ajiye reshen da take kai inda kowa zai iya zuwa ya duba. Na wurin aikinmu a Khartoum ya tafi da wutar yaƙi. Na gwangwanin kaɗai ya rage. Harsashi bai same shi ba, ɓarayi ba su same shi ba, sai yayata.

Ban ce ba ki da hujja ba. Mace ta dawo gidan da baƙi masu bindiga suka zauna a ciki, ta tono itace ƙulle a takarda, da rubutun da ba ta sani ba, a karanta mata ta ji sunan uwarta a jiki, dole ta tsorata. Amma kina da ƙane da kuka yi shekaru kuna yi wa dariya, kuna kiransa likitan kirare. Ko sau ɗaya bai faɗo miki a rai ba? Sunan Gogo da ke takardar, wurin da na tsinci reshen nake nufi. Sunanta kuma na yi niyyar sa wa funfunar.

Nan Kano ana ce mini Balarabe, can an ce mini Fallata, wato baƙo daga yamma, ga shi abin da zan nuna in ce nawa ne ya zama toka.

Kin ce lallen yana da rai. To ina roƙonki abu ɗaya. Bayan damina, ki duba matattun rassansa, ki karyo masu baƙin ɗigo, ki shanya a inuwa, ki naɗe a takarda ki ba Haliru.

Ki gaishe da maƙwabta. Naki, cikin ɓacin rai,
Mainasara

Kano, watan Jimada Awwal

Zuwa ga yayata Awadiyya.

Assalamu alaikum. Ina fatan gajiyar biki ta sake ki. Allah ya ba Rania zaman lafiya da mijinta Ibrahim Khalil, ya sa albarka. Ya yi mini ciwo da ban halarta ba.

Saƙo ya iso. Tun kafin in buɗe na ji ƙamshi, na san akwai matsala.

Yaya, wa ya ce ki wanke su? Kin sa sabulu, kin kankare ɓawon da wuƙa tas, kin turara su da turaren wuta, kin ɗaure da zare ja. Kin sa an rubuta cewa ba za ki aika wa ɗan'uwanki ƙazanta a ƙasar mutane ba. Ƙazantar ce nake nema! Abin da kika aiko mini asuwaki ne. Kuma a ƙarshen takardar, kamar ba komai ba, kika ce kin sa an sassabe duk matattun rassan saboda baƙin biki, an hura wutar girki da su. Wato babu saura.

Na rubuta miki wata takarda, Mawahib ta karanta ta yaga, ta kuma yi daidai.

Na san da ƙauna kika yi. Haka Gogo ta koya miki, ba a fitar da abu daga gida sai an gyara shi. Shi ya sa na rasa inda zan kai fushina.

To ga sauran labarin. Kin tuna ganyen lallen da kika haɗo wa Mawahib, wanda kika yi ta ba da haƙuri cewa hidima ta hana ki tsince shi? Ta zuba a faifai tana fitar da 'yan karare tana zubarwa, na zo wucewa na ga ɗaya, bai kai ɗan yatsa ba, da baƙin ɗigo a jiki. Na durƙusa a tsakar gida ina tsinta har maƙwabciya ta leƙo ta tambaya ko na zubar da allura. Na roƙi aron madubi a wata makaranta, na yanka ɗigon na duba. Ita ce, Yaya. Ruwan ƙasa, da shingenta a tsakiya.

Ba yawa, amma ya isa a ajiye, ya isa suna. Za a kira ta da sunan Hadizatu, sunan Gogo na yanka, kuma duk wanda ya nemi asalinta a duniya zai ga an rubuta Omdurman.

Ban huce duka ba, kada in yi miki ƙarya. Amma abu ɗaya da kika aiko mini ba ki gyara ba, shi ya cece ni. Don Allah ki riƙa ba lallen ruwa, kuma daga yau duk reshen da ya mutu ki bar shi da dattinsa har in dawo.

Ki gaishe da amarya. Ƙanenki, likitan kirare,
Mainasara