Rigimar Baho a Amman

Amman, farkon Yuni

Yaya Sumie,

Gaisuwa mai yawa daga ƙanwarki mai kewarki. Yaya jiki, yaya kafaɗar nan da ke damunki in hadari ya haɗo? Na san damina ta sauka a can gida Japan, a Beppu, shanya ta ƙi bushewa, kina ta mita. Ki daina mita, Yaya, da ana ƙunso ruwan sama a ambulan da na ce ki aiko mini. Ki gaishe da maigidanki, ki ce masa ya rage taba. In kin je kabarin Mama ki zuba masa ruwa a madadina.

Mu a nan ƙasar Larabawa lafiyarmu ƙalau, amma raina a ɓace yake. Za su cire mini baho.

Kin san ruwan famfo ran Laraba kaɗai yake zuwa unguwarmu. Ya cika babban tankin da ke ƙarƙashin bene, mu gida shida mu yi ta lallaɓa shi har wata Larabar. To makon jiya ya ƙare tun Litinin. Washegari sai ga Abu Zuhair, mai gidan da muke haya, ya hawo yana haki da carbinsa a hannu. Sai da ya sha gahawa, ya yabi Japan tun daga motocinta har ladabin mutanenta, sannan ya dubi maigidana, Baban Itsuki, ya ce, "Injiniya, wallahi ko ɗan cikina bai fi ka a wurina ba. Amma mata sun ce madam kogi take cikawa kullum ta shiga ta kwanta. Nan fa hamada ce. Ƙarshen wata zan turo mai gyaran famfo ya cire bahon, a bar muku shawa kamar kowa."

Kin san abin da surukinki ya yi? Ya sunkuya ya ba da haƙuri! Ya ce mun jawo wa maƙwabta damuwa. Ina tsaye da faranti a hannu, kamar in kwaɗa masa. Bayan baƙon ya sauka ya ce wai in fahimta, shi da aka ɗauko daga Japan don ya koya wa ma'aikata gano bututun da ke yoyo, ai abin kunya ne a ce gidansa ake ɓarnar ruwa.

Wace ɓarna? Ran Laraba nake cika bahon nan. Muna yin wankanmu da bokiti a waje, a kan 'yar kujera, kamar yadda Mama ta koya mana, sai mun fita tas muke shiga. Baban Itsuki ya jiƙa jikinsa, in jiƙa nawa, in rufe da murfi. Washegari in kwashe kaɗan in tafasa in mayar. Ran Asabar ruwan ya tafi wanki, na wankin ya goge ƙasa, abin da ya saura tukwanen na'a-na'a su sha. Su kuwa ran Laraba sai ki ga ana wanke mota da tiyo, ana kwarara wa matattakala ruwa tun daga sama har bakin titi. Amma ni ce mai kogi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne bakin da maganar ta fito. Ummu Basil ce, ta hawa na biyu, wadda nake ba ki labari, mai kawo mini naɗin ganyen inabi da shinkafa a ciki tana kirana 'yar'uwarta. Ta shiga banɗakina wanke hannu, ta ɗaga murfi ta ga ruwa cike. Ba ta tambaye ni ba, sai ta sauka da labari. Jiya ma ta sumbace ni a kumatu biyu kamar ba ita ba.

Yaya, ba na zuwa ko'ina. Larabcina na cefane ne, Baban Itsuki sai yamma liƙis yake dawowa, ɗanmu Itsuki kuma in ya kira daga Osaka sau ɗaya a wata to ya yi ƙoƙari. In ruwan zafi ya kai mini wuya, a nan kaɗai nake jin ni mutum ce mai gida. Idan suka cire shi ban san abin da zan riƙa jira da yamma ba.

Ki kira ni ki ba ni shawara. Ki kula da kanki.

Ƙanwarki,
Chizuru


Amman, tsakiyar Yuni

Yaya Sumie,

Ina fatan kina lafiya, da maigidanki da kowa. Na gode da kiran da kika yi. Shawararki kuwa na bi ta, kuma ina so ki zauna kafin ki karanta abin da ta jawo mini.

Kin ce in gayyaci Ummu Basil ta shiga bahon da kanta, wai wanda ya ɗanɗana ba zai yi gaba da shi ba. Na ga dabara ce, tunda kullum kukan gwiwa take yi. Na sauka na roƙe ta. Ta ce a'a, kunya, ita da jikoki ta tuɓe a gidan mutane? Na koma washegari, ta ce sai ta tambayi mijinta, Abu Basil. A zuwa na uku ta yarda, aka sa ran Lahadi da hantsi, lokacin maza ba sa nan, don a nan Lahadi ranar aiki ce.

Ran Laraba ban cika bahon ba. Muka yi ta wankan tsuntsu ni da Baban Itsuki don in tara mata sabon ruwa, wanda ba wanda ya taɓa shiga. Ke kin san girman da ke cikin ba baƙo ruwan farko, ko Baba ba ya shiga kafin baƙo. Na yanka ɓawon lemo na watsa a kai, na ajiye mata sabon tawul, na nuna mata kujera da bokiti da soso, na nuna baho. Tana ta gyaɗa kai tana cewa, "Na gane, 'yar'uwa, na gane, ai ba yau aka haife ni ba." Na ja mata ƙofa na koma kicin ina haɗa shayi, zuciyata fari tas.

Can sai na ji tana waƙa. Na ce alhamdu lillahi, kamar yadda suke cewa, baho ya tsira. Ban gama murna ba na ji wata ƙara da na sani, ƙwal-ƙwal-ƙwal, a cikin bango. Yaya, ta zare matoshi! Na tsaya da buta a hannu ina sauraron ruwan kwana huɗu yana gangarawa kwata. Bayansa kuma na ji ta kunna famfo ta daɗe tana dirza.

Ashe a cikin bahon ta yi sabulu, kumfa har bango. Da ta gama ta zubar, ta wanke shi ƙal da wani ruwan, don a wurinsu mace mai mutunci ba ta barin wa mai gida ruwan da ya taɓa jikinta. Ta fito fuska jajir tana tafiya kamar budurwa, ta rungume ni tana cewa, "Ummu Itsuki, Allah ya ba ki Aljanna! Gwiwoyina sun koma na ranar aurena!" Sai kuma ta kama hannuna, ta rage murya, ta ce, "Amma tsakani da Allah, wannan ruwa duka don mutum ɗaya? Haramun ne, 'yar'uwa. Abu Zuhair yana da gaskiya."

Kin ji? Da hannunta ta zubar, sannan ta kafa hujja da shi a kaina! Ni kuma sakarya, tarbiyyar Mama ta riƙe mini harshe. Ta yaya zan ce wa baƙuwa ta yi kuskure a gidana? Na sunkuya na ce na ji daɗi da ta ji daɗi, har na ƙara mata biskit. Kafin la'asar duk benen ya ji cewa Ummu Basil ta gani da idonta.

Da yamma Baban Itsuki ya dawo da ƙurar wurin aiki har cikin kunne, ya leƙa ya ga baho a bushe yana sheƙi. Da na gaya masa sai ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Dariya yake yi! Ranar shinkafa da ƙwai kawai na ba shi ya ci ya kwanta.

Na san ke ma dariyar kike yi. Ke da ruwan zafi ke ɓuɓɓugo miki daga ƙasa kyauta, me kika sani? Duk da haka ina gaishe ki.

Taki,
Chizuru


Amman, ƙarshen Yuni

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Yau ba zan tsawaita ba.

Na yi magana. Ran Laraba mata suna wanke matattakala, Abu Zuhair yana tsaye a ƙasa, na fito na buɗe murya yadda suke yi in sun yi faɗa da mai gas. Ban san ina da wannan muryar ba. Da guntun Larabcina da hannuwa na gaya musu komai, cewa a waje muke wanka, cewa ruwa ɗaya ne ni da mijina kwana uku, daga nan wanki, daga nan ƙasa, daga nan shuka. Na ce a auna nawa a auna na mai wanke mota.

Duk suka tsaya suna kallona. Na ɗauka kunya ce ta kama su. Sai matar hawa na ɗaya ta dafe ƙirji ta ce, "Ruwan da namiji ya shiga, ke ma ki shiga? Har kwana uku?" Wata ta toshe baki da gefen mayafinta. Ummu Basil ma ido ta zuba mini. Yaya, ni da nake wanke ƙafa kafin in taka tabarmata, yau ni ake yi wa kallon ƙazama. Da ana kirana mai ɓarna, yanzu an sami sabon suna.

Abu Zuhair ya ce shi ya gamsu ba ni na shanye tanki ba, amma magana ta riga ta ƙare tsakanin maza, Injiniya ya amince, shi kuma ya yi wa mai gyaran famfo alkawari. Shekaranjiya mai gyaran ya zo da abokin aikinsa. Suka fasa tayil, suka ciccibi bahona suka sauka da shi yana gogar bango. Na zauna a ɗaki na rufe ƙofa, na yi kuka sosai, ba zan ɓoye miki ba. Yanzu in na shiga banɗaki sai wani farin tabo a ƙasa da shawa tana ɗiga.

Baban Itsuki ya sayo mini robar jiƙa ƙafa. Na ce ya kai ofis ya jiƙa tasa.

Ƙanwarki,
Chizuru


Amman, Yuli

Yaya Sumie,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji damina ta ɗauke, zafi ya shigo, ki riƙa shan ruwa da yawa kada ki biye wa aikin lambu. Ganyen shayin da kika aiko ya iso, na gode.

Kin san inda bahona yake? Bai kai bakin titi ba. A hawa na biyu ya tsaya! Ummu Basil ta tare ma'aikatan a ƙofarta ta ce tunda zubarwa za a yi, a shigar mata. Abu Zuhair ya ce ba komai, ai ita tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, lalura ce. Ni nawa shagali ne, nata magani! Matar da ta kai ƙarata, ta zubar mini da ruwa, ita ce yau take kwance a bahona a ƙarƙashin ƙafata, har ina jiyo waƙarta ta cikin bututu.

Na daina amsa sallamarta. Ta aiko da ganyen inabi, na mayar da kwanon ko buɗewa ban yi ba, abin da ban taɓa yi wa wani mahaluki ba. Ran Laraba da hantsi sai ga ta da kanta tana dukan ƙofa kamar za ta ɓalle ta. Na buɗe don kada maƙwabta su fito. Ta ce, "Ke, Bajapaniya mai zuciyar dutse, ɗauko tawul ɗinki. Na cika shi, ba wanda ya shiga." Na ce na gode, ba na bukata. Ta ce, "Wallahi ko ki sauko da ƙafarki ko in ɗauke ki." Da kin ga girmanta, za ta iya.

Na rantse miki don in ga yadda ta lalata shi na sauka. Sai na tarar ta sayi 'yar kujera da bokiti, ta sa an yanko katako an yi murfi, har da ɓawon lemo, ko da yake ta zuba kamar za ta yi miya. Na yi wankana a waje, na shiga. Ruwan ya yi zafi fiye da kima, amma da ya kai mini wuya sai hawaye suka zubo, na rasa na haushi ne ko na daɗi.

Da na gama sai na tsaya ina kallon matoshin. Gidanta ne, kuma na ga yadda suka kalle ni a matattakala. Na ce bari in zubar in wanke mata, kada a ce na bar ƙazanta. Ina kai hannu ta buga ƙofa da ƙarfi ta ce, "Kada ki kuskura ki taɓa abin nan! Ni ce a bayanki. Gobe kuma wandunan Abu Basil za su shiga." Na fito, ta wuce ni da tawul a kafaɗa, ta dirje jikinta a kan kujera, ta shiga ruwan da na fita daga ciki. Ƙofar a buɗe ta bar ta don mu yi hira.

Kada ki ɗauka na huce. Bahona ne, sace shi aka yi da rana tsaka, kuma na gaya mata haka tana ciki. Ta ce in kai ƙara wurin Abu Zuhair. Ta ce kuma Laraba mai zuwa ita ce farko, ni ce a bayanta, wai haka adalci yake. Na ce sai na yi tunani.

Ki aiko mini da gishirin wanka irin na garinmu, ƙunshi biyu, don matar nan ba ta san kaɗan ba. Ki gaishe da kowa da kowa.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Chizuru