Ƙugin Jitar Yayanka

Auta,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Direba ya kawo jitar yayanka. Cewa na yi ka canza tsirkiyar da ta tsinke, don 'Yar Baba ta dage sai ta koyi kiɗan ubanta. Me ka yi wa jitar kuma? Yarinyar ta jona ta da sifika ta kaɗa, sauti tas kamar na rediyo. Ina ƙugin nan, zuuu, da ke tashi tun kafin yayanka ya taɓa tsirkiya? Da shi nake sanin ya dawo daga aiki, ina kicin. Tun rasuwarsa nake son in sake jin sa. Na tsaya da ludayi a hannu, shiru. Wallahi kamar ranar aka sake yi min rasuwa.

Matar yayanka

Matarmu,

Ina gaisuwa, ya ƙarin haƙuri? Fikof na canza, wato ƙarafunan nan masu maganaɗisu da ke ƙarƙashin tsirkiya suna ɗaukar sauti. Gumin hannun Yaya ya cinye tsofaffin, duk sun yi tsatsa, su ke kawo ƙugin. Sababbin ba su da shi. Ki bar yarinya ta koya da sauti mai kyau. A shafa min kanta.

Auta

Auta,

Kada ka ƙara ce min matarmu, ba wasa nake ba. Wa ya aike ka? Kai mai gyara ne, komai ka gani sai ka kwance. Ni ban ce ina son sauti mai kyau ba, nasa nake so. In ba ka zubar da tsofaffin ba, gobe zan ba direba jitar ka mayar min da su. Na gaishe ka duk da haka.

Matar yayanka

Yaya,

Allah ya huci zuciyarki. Suna nan, na naɗe su a ƙyalle. Amma ki ji abin da ban so in faɗa ba. Ba ni na sayo sababbin ba, marigayi ne, kafin ciwon ya kwantar da shi. Ya zauna a bencin shagona yana dariya, ya ce kullum sai kin leƙo daga kicin kin ce, "Don Allah kashe wannan ƙudan zuman, kaina zai tsage." Ya ce, "Auta, sa min waɗanda ba sa ƙugi, ko sau ɗaya ta zauna ta ji waƙata har ƙarshe." Zai kawo jitar in ya ji sauƙi, bai kawo ba. Da na gan ta, sai na cika masa. In kin ce a mayar, zan mayar.

Ƙaninki

Auta,

Bar su. Jiya 'Yar Baba ta kaɗa, na sauke tukunya, na jawo kujera na zauna har ta gama. Ko kaɗan kaina bai yi ciwo ba. Shi ne dai ba ya nan ya gan ni zaune.

Allah ya jiƙansa. Ka gaida gida.

Matarku