Ɗakin Baƙin da Ya Cinye Aikin Kawu Cyril

Fort McMurray,
Watan Fabrairu.

Zuwa ga Yayata Loretta,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Leander da yara, ya kuma ƙara wa Mama Effie sauƙin gwiwar nan tata. Bana shekara huɗu ke nan rabona da garinmu Burgeo. Ni ma ina lafiya, in dai lafiya ita ce mutum ya tashi ya tafi aiki ya dawo ya kwanta. Na ji Gertie ta sauka lafiya, Allah ya raya. Na kuma ji iska ta ɗauke rufin rumfar kifin Baba. Ku bar ta haka har bazara, kada Leander ya hau tsani a kan ƙanƙara.

Yaya, na ga saƙonki. Kin ce Philomena matar Kawu Cyril tana faɗa a bakin coci cewa ni na goge aikin mijinta har aka kore shi, kuma ta daina gaida Mama. Kin ce in gaya miki gaskiya. Ban kira ki ba don na san kaina: a waya murya za ta hau, ke kuma ki fara kuka, mu rabu ba a faɗi komai ba. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Kin san Kawu Cyril tun yana fita teku da marigayi Baba. A nan aikinsa duba waldar bututun mai ne, a wani sansani can arewa da mu. Kowane haɗi sai ya ɗauki hotonsa ya rubuta rahoto kafin a binne shi. Kwamfutar da ke gabansa a sansanin ba ta ajiye komai, taga ce kawai. Aikin yana cikin manyan kwamfutoci biyu a Edmonton, waɗanda ni nake kula da su daga nan. Kowane ma'aikaci yana da nasa wurin a ciki, muna ce masa furofayil, amma ki ɗauke shi kamar ɗakin mutum: ya shiga da kalmar sirrinsa, ya tarar da kayansa yadda ya bar su. In kuwa ɗakin ya ƙi buɗuwa, na'urar ba ta korar mutum. Sai ta ba shi ɗakin baƙi, ta rubuta masa gargaɗi a gefen allo. Shi ɗakin baƙi, da zarar mutum ya fita ake share shi ƙal, kuma ba ya cikin abin da ake yi wa kwafin ajiya.

Ranar wata Talata a watan jiya sai ga kiransa. A shekara huɗun nan bai taɓa kirana a kan aiki ba. Ko gaisuwa bai yi ba, ya ce, “Ɗan Effie, wane shegen ne ya shiga min kaya?” Na ce ya kwantar da hankali, yawanci irin wannan kafin shayi ya huce an gyara. Haka na zata kuwa. Na duba sai na tarar ɗakinsa a kulle. Ɗaya na'urar ce ta riƙe mabuɗin ta ƙi saki. Na ƙwace, na buɗe masa, na ce ya shiga. Ya shiga ya duba, sannan ya ce wannan ai tsohon kaya ne, ina na Nuwamba, ina na Disamba?

Na koma na bi tarihin da na'urar ke rubutawa da kanta, sai ga abin a fili. A watan Oktoba, ranar da dusar ƙanƙara ta farko ta katse layin intanet na sansanin, yana tsakiyar aiki. Na'urar farko ta ci gaba da zaton yana ciki. Da layi ya dawo sai ya faɗa ta biyun, ta ba shi ɗakin baƙi. Ya ga allo fayau, ya ɗauka mu ne muka yi shara. Gargaɗin kuwa ya rufe shi, wai ya zata talla ce. Sai ya naɗe hannun riga ya sake jera kayansa a ɗakin baƙi, ya ci gaba da aiki a ciki wata uku cur.

Za ki ce to me ya hana a share tun ranar farko? Bai taɓa fita ba ne, Yaya. A sansanonin nan, in sanyi ya kankama ba wanda ke kashe injin a-kori-kurarsa. Haka ake barinta tana ruri dare da rana har bazara, don in ta mutu ba lalle ta sake tashi ba. Haka shi ma ya ɗauki kwamfutar. Da na tambaye shi me ya hana shi fita, ya ce, “Kai yaro, ni da na ga abin da ya faru da na bari ta mutu sau ɗaya, sai in sake? Mahaukaci ne ni?” Kullum sai ya rufe tagar kawai ya bar aikin a kunne a can ciki. A da akwai wani tsari da ke fitar da duk wanda ya daɗe bai motsa ba, wanda da ya tona asirin tun ranar farko, a tsaya a asarar aikin yini guda. Manya ne suka sa aka cire shi bara, wai yana katse musu aiki in sun fita cin abinci. Na rubuta na ce kada a yi. Aka ce an gode.

Ga nawa hannun a ciki, ba zan ɓoye ba. A watan Janairu aka ba da umarnin a kashe na'urorin a sake kunnawa saboda gyaran tsaro, kuma ni na danna. Kashewar nan ce ta fitar da shi, aka share ɗakin baƙin da duk aikinsa. Kafin nan na aika wa kowa sanarwa har sau uku. Shi ya ce saƙon 'yan kwamfuta ba ya buɗewa, wai duk surutu ne. Na ce da ya ga allo fayau a Oktoba me ya hana shi kirana, alhali yana da lambata? Ya ce ni, yaron da ya koya wa feɗe kifi ina amai a cikin jirgin ruwa, ni zai kira in koya masa aikinsa? Na so in yi dariya, ban iya ba.

Abin da aka goge ba ya ɓacewa nan take. Yana nan kwance har sai sabon abu ya hau kansa. Na je wurin shugabanmu, Mista Kowalchuk, na roƙa a tsayar da na'urar a lokacin, in tono abin da zan iya. Ya ce mutum ɗari biyu ba za su naɗe hannu saboda tsoho ɗaya da bai iya karanta gargaɗi ba, in jira Lahadi. Ba mugu ba ne, shi ma akwai na sama da shi, kuma ranar ake haɗa albashi. Amma daga Talata zuwa Lahadi mutum ɗari biyun nan suna ta tattaka wurin, ni ina kallo. Ranar Lahadi na zauna tun safe har yamma ina tsince-tsince. Hoto ya fito rabinsa bututu rabinsa toka. Rahoto ya fito da kai ba jiki.

Ba rahoto, dole a tone bututun daga ƙasar da ta daskare a sake dubawa, kuma dole a sami wanda zai ɗauki laifin. Da farko cewa suka yi bai duba komai ba, ya sa hannu ne kawai yana zaune a mota yana shan ɗumi. Da wannan ta tabbata, da har takardar shaidarsa ta aiki ta tafi. Na shiga zaman da aka yi na ajiye musu abin da na tono, na nuna ranaku, na kuma faɗi zancen tsarin da aka cire, a gaban wanda ya cire shi. Tun daga ranar Mista Kowalchuk ba ya amsa gaisuwata sai da ka. Sun janye zancen ƙarya. Aikin dai ba su mayar masa ba. Suka ce sakaci ne, kuma a gaskiya, Yaya, akwai sakacin. Shekara ɗaya da 'yan watanni suka rage masa ya cika fansho.

Jiya ya sauko daga sansani da jakunkunansa biyu, muka ci abinci a wani shago kusa da filin jirgi. Ya tura dankalin da aka kawo masa gefe ya ce ko kare ba zai ci wannan a gida ba. Can ya ce, “Ɗan Effie, ashe kwamfutar nan ba mota ba ce.” Na ce ba mota ba ce, Kawu. Bai ce ya yafe ba, ni ma ban ce a yafe min ba. Da na ce ina da takarda zuwa gare ki, sai ya ce in kawo gobe kafin jirginsa ya tashi, ai hanyarsa ce. Bai tambayi abin da zan rubuta ba. Saboda haka daga hannunsa za ki karɓe ta. Ki ba shi shayi, kada ki yi masa tambaya.

Ki gaida Mama ƙwarai, ki ce mata kada ta mayar wa Philomena magana, matar tana cikin zafi ne. Ki gaida Leander, da Gertie da jaririnta, da Wilf da Effie ƙarama, da Inna Bride in har tana gane mutane.

In Philomena ta sake tambaya me na yi wa mijinta, ki faɗa mata wannan kawai. Cikin hotuna ɗari shida da 'yan kai na ceto ɗari biyu da goma sha ɗaya. Cikin rahotanni arba'in da bakwai na ceto tara cikakku, da rabi-rabin guda huɗu. Takardar shaidarsa tana aljihunsa. Sauran ban iya ba.

Ni ne ƙaninki,
Ambrose Keeping.