Jan Fenti a Bangonmu

Daren Laraba, Nukkai

Ɗaki nake nema, ko ciki ɗaya ne, inda zan kwantar da yarana. Ban iya rubutu ba, a waya nake faɗa.

Yau wasu suka shafa jan fenti a bangon gidan da muke haya. Na zaci masu allurar yara ne, ai su ma suna zana bango. Har ruwa na ba su, na fito musu da jaririyata.

Maƙwabciyata ta ce, "Maman Bebi, wace allura? Rusau ne, titi zai bi nan."

Baban yara yana gona a Lau, wayarsa ba ta shiga. Na gaya wa matar fasto, ta ce mu yi addu'a. Na gaya wa Bebi ma, tana barci a jikin bangon.