Na Sa Masa Suna Dodo, Ita Kuma Ta Ce Shi Take So

Assalamu alaikum Khala Latifatu. Don Allah ki taimake ni kafin in aikata abin da za a daɗe ana labarinsa a unguwarmu Waziriyya, nan Jidda. Ni allo kawai na yi, in kin ga rubutun a karkace ki yi haƙuri, zuciyar ma haka take.

Akwai 'yar maƙwabtanmu, bari in kira ta Layan. Haihuwar Jidda ce, tana jin Hausa, amma in za ta mayar rabi da Larabci yake fitowa. Na daɗe ina son ta, kuma duk unguwa an san ni ne mai ba ta dariya. Ni na sa wa yayanta ƙadangaren roba a takalmi, ta yi dariya har da hawaye. Ba yabon kai ba, in na sa farar jallabiya na fito, ko a unguwar Safa sai an waiga.

Sai ga wani Nuraddeen mai gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Ƙato ne, sai ya sunkuya yake shiga ƙofa. Tukunyar gas ta taɓa fashe masa, rabin fuskarsa ya tattare, kunnen hagu babu. Yara na hango shi suke watsewa. Ranar da ya zo gyara a gidan su Layan ina tsaye a matakala na ce ga Dodo ya iso. Khala, kin san 'yan Jidda, Dodo a wurinsu sunan shagwaɓa ne, irin wanda ake kiran jariri ko masoyi da shi. Ta ɗauka haka 'yan gidansu ke kiransa. Ta leƙo ta ce ya Dodo ga shayi. Mutumin da ba a taɓa ganin haƙorinsa ba, sai ga shi yana murmushi.

Na tare ta na fassara mata tiryan-tiryan, cewa dodo shi ne na tatsuniya, mai gashi buzu-buzu, mai haɗiye mutane, mai ɗauke 'yan mata a bakin rafi. Ta ce wai ai tun kakarta na yi musu tatsuniya ita dodon take so, in an farke cikinsa har kuka take yi. Na ce to tausayi ne. Ta ce ba tausayi ba ne, tabon ne ma take son kallo, wai fuskarsa in ka gani sau ɗaya ta zauna, tawa kuwa irin hoton shagon aski ce. Ni, Khala. Hoton shagon aski.

Yanzu har an sa ranar milka, ɗaurin aure ke nan. Fisabilillahi wannan lafiya ce? Mace da hankalinta ta bar cikakkiyar fuska ta bi rabi? Na yi niyyar zuwa wurin mahaifinta in ce aljani ya shafe ta, a ɗaga auren a yi ruƙiyya. Na iya muryar aljani, in na yi ta ta ramin mukayyif ɗin ɗakinta, shi ke nan, tsohon zai yarda. In je ko kar in je?

Kyakkyawan Da Aka Bari, Waziriyya

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana. Kar ka je. Ƙadangaren roba wasa ne, amma laƙaba wa 'yar mutane aljani ba wasa ba ne. Ko auren ya watse, sunan zai bi ta duk gidan da aka nemi hannunta, kuma ranar da ta gano muryar wa ce, ba za ta sake yi maka ko murmushi ba.

Zafin da kake ji na gaskiya ne, an fi son wani a kanka, kuma maganar shagon aski ba ta kyauta ba. Amma Layan ƙalau take. Zuciya ba ta da ma'auni ɗaya. Wani abin da ya saba gani yake so, wani kuwa abin da ya fita daban shi ke riƙe masa ido, musamman in ya tarar da taushin hali inda kowa ya ce tsoro ne. Ba yau aka fara ba, shi ya sa kakanninmu suka cika tatsuniya da dodanni masu neman aure. Ka ma tuna ta budurwar da ta ce ba za ta auri mai tabo ba: wanda ya zo mata sumul, shi ne macijin.

Abu ɗaya zan ba ka gaskiya a kai. In tabon kaɗai take so, za ta saba da shi ya zama fuska kamar kowace. Wannan ita da iyayenta za su auna, su binciki addininsa da halinsa. Ba aikinka ba ne.

Aikinka shi ne ka daina ce masa Dodo. Wuta ce ta ƙone shi, ba laifi ya yi ba. In zuciyarka za ta ɗauka, ka je milkar ka ba shi hannu. In ba za ta ɗauka ba, ka kama gabanka ranar, babu mai zarginka. Allah Ya sanyaya maka, Ya ba ka wadda za ta yi dariyar wasanka kuma ta zaɓe ka.

Khala Latifatu