An Ce Sun Cusa wa Gangata Auduga

Zuwa ga Malam Riskuwa, mai Filin Shawarwari.

Assalamu alaikum. Malam, ka taimake ni don Allah, kuma ka hanzarta, domin al'amarin nan ya raba ni da abinci, ga bikin kamun kifi na Argungu ya ƙarato. Ka yi haƙuri da tsawon takardata. A gaban kakata na tashi, mai tatsuniya ce da ba ta taɓa shiga labari ta ƙofar gaba ba, ni ma haka na fito.

Akwai wata magana da na ji tun bara, na yi dariya na watsar. Hodi, maigadin ƙofar kwalejin da nake aiki, shi ya fara gaya mini, wai ɗalibaina sun cusa wa babbar gangata auduga, ta daina amo, kuma ni kaɗai ne a Birnin Kebbi ban sani ba. To Hodi mutum ne da ya taɓa rantse mini ya ga kada yana alwala a fadamar Ambursa. Na ce masa ya rage cin goro.

Bari ka san ko ni wane ne. Tsohon soja ne, makaɗin badujala, wato kiɗan da soja ke maci da shi. Ina saurayi na shiga, lokacin yaƙin Bama. Mahaifina manomin shinkafa ne, har ya koma ga Allah bai yarda ya ce ɗansa makaɗi ne ba, soja kawai yake cewa. Da aka ba Sakkwato jiharta, aka buɗe kwaleji a nan garin, shugabanta ya aiko a kira ni in kafa wa 'yan kadet, wato ɗalibai masu koyon aikin soja, ƙungiyar badujala. Abin da na tarar shi ne bigila biyu, ɗaya a lanƙwashe, da ƙananan ganguna da ɓera ya riga mu ɗanɗanawa. Babbar ganga kuwa ba fata a jikinta. Ni na je na samo fatar sa, na jeme ta, na ɗaure da hannuna.

Ni na kafa duk al'adun ƙungiyar, kuma yau ɗalibai na riƙe da su kamar tun zamanin Sarki Kanta aka gada. Sabon shiga ba ya busa komai a zangonsa na farko, goge bigila yake yi da toka da lemun tsami har ya ga haƙoransa a jikinta. Wanda sandar kiɗa ta suɓuce masa a fareti, da taɓarya a kafaɗa zai yi macin washegari. Wanda ya gama karatu, mukan raka shi tasha da kiɗa har motar Sakkwato ta tashi. Babbar doka kuwa ita ce, ba a kwance igiyar babbar ganga sai ranar da mai kaɗa ta zai ajiye aiki. Ranar sai a taru, ya kwance da kansa, a ba shi tsohuwar fata ya tafi da ita gida, ya danƙa sanda a hannun magajinsa. Ba a taɓa yi ba, don ni kaɗai na taɓa rataya gangar nan. Lokacin da na kafa dokar ina ganin ranar tana can nesa, bayan dutse.

Malam, babbar ganga ita ce zuciyar maci. Duk inda ta ce dum, nan ƙafar hagu ke sauka. In ta yi jinkiri kaɗan, layin baya zai taka na gaba.

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai kai. Kunnena na hagu tun a Bama igwa ta tafi da shi. Na daman ne ya riƙe ni duk shekarun nan, shi ma yanzu ya fara sallama. Kiran salla sai an taɓa ni. In ana hira nakan kalli baki in ce haka ne. A fili kuwa ƙafafun yara nake kallo in kaɗa.

Bara waccan, ranar bikin 'yancin kai, layinmu ya harɗe daidai gaban rumfar manya. Na ɗora wa ɗalibai laifi, na gasa su da maci a rana har mako ya fita. Babu wanda ya ɗaga kai ya musa mini. Daga nan ba mu ƙara yin kuskure ba, ko sau ɗaya. Na riƙa yawo ina cika baki a majalisa cewa horona ne ya gyara su.

Sai ga Tamba, tsohon ɗalibina da ke aiki a Sakkwato, ya zo gaishe ni da ƙaramar salla. Yana ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce wai ko na lura yanzu ƙaramar gangar Elias ake bi. Elias shi ne sajan ɗin ƙungiyar, ɗalibin shekarar ƙarshe, ɗan wani ma'aikacin asibiti daga ƙasar Filato, tun a cocinsu ya iya kiɗa, ga ladabi. Shi ke ɗaukar mini ganga zuwa ɗakin ajiya, ba ya barin kowa ya taɓa. Na ce wa Tamba hassada ce irin ta tsofaffin ɗalibai. Amma da ya tafi na zauna ina tunani. Gangar ta ƙara nauyi a wuyana, na ce tsufa ne. Sanda ba ta dawowa hannuna da ƙarfi kamar da, na ce sanyin fadama ne ya kama fata. Ashe ina bin ƙafafunsu, ina zaton su ke bin hannuna.

Ba su taɓa igiya ba, ka ga ba su karya doka ba. Akwai wata 'yar huda ta shan iska a gefen gangar, an ce ta nan suka riƙa turawa kaɗan-kaɗan. Na san tsinken tsintsiya ya isa ya gaya mini gaskiya. Na kai tsinke bakin hudar nan ya fi a ƙirga, hannuna ya ƙi.

Ga shi an gayyace mu Argungu, mu za mu buɗe fili gaban Gwamna da baƙi. In na je haka, na zama dodon gona mai kaki, ina dukan matashin kai a gaban duniya, yaran da na koya wa tsayuwa suna danne dariya ko suna jin tausayina, ban san wanda ya fi ciwo ba. In na kwance igiya, da dokar bakina na sallami kaina. Wani lokaci zuciya takan ce in zaƙulo audugar a ɓoye da waya, in je Argungu in kaɗa da ƙarfina, kowa ya ji ina nan. Malam, ba ni da gona, ɗiyana duk suna Kaduna da Ikko. In aka raba ni da gangar nan, kurman tsoho ne kawai a gindin dogonyaro, mai cewa haka ne.

Da Hodi ne kaɗai da Tamba, da har yanzu ina musu. Amma ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko masallaci, aka ajiye mini tuwo, na ture shi. Wadda ta kawo ta zauna a gabana, ta riƙe fuskata don in ga bakinta, ta ce in daina wahalar da kaina, magana gaskiya ce, Elias ya zo ya durƙusa mata yana hawaye, kuma audugar rimin daga matashin kanta ta fito. Laure ce, uwar ɗiyana.

Naka cikin damuwa,
Tsohon Makaɗin Soja, Nasarawa, Birnin Kebbi.

AMSA

Wa alaikumus salam, Baba. Na karanta takardarka, na yi dariyar kadan Hodi mai alwala, daga baya na ga abin ba na dariya ba ne.

Ka ajiye tsinke, ba ka bukatarsa. Ka riga ka sani, shi ya sa hannunka ya ƙi.

Ba zan ce ɗalibanka sun kyauta ba. Ɓoye wa babba gaskiya, a bar shi yana cika baki a majalisa, ba daidai ba ne, kuma kana da hakkin ka ji zafi. Amma ka duba ta ɗaya gefen. Ka hore su a rana kan kuskuren da ba nasu ba, suka shanye. Suna iya zuwa ofishin shugaba su ce kunnenka ya mutu, a kawo wani kafin wata ya ƙare. Ba su je ba. Suka nemi hanyar da layi zai miƙe kai kuma ka ci gaba da tafiya a tsakiyarsu, har suka kiyaye dokarka ta igiya. Wanda ya raina mutum ba ya shan wannan wahala a kansa.

Maganar zaƙulo auduga da waya, ka fitar da ita daga ranka. In layi ya harɗe a Argungu, sunan ƙungiyar da ka gina ne zai zube, kuma Elias, da ke shirin fita neman aiki, shi za a nuna da yatsa. Zuwa da ganga bebiya ma ban yarda ba. Da ba ka sani ba wani abu ne, yanzu da ka sani ba za ka iya ɗaga kai ba.

Ga abin da nake gani. Ka fara zuwa asibiti a Sakkwato a duba kunnen dama. Wani lokaci dauɗa ce ta toshe, wani lokaci akwai na'urar da ake saƙalawa. Ko ba ta mayar da kai kan ganga ba, za ta mayar da kai cikin hira.

Sannan ka kira Elias da manyan ƙungiyar, ka gaya musu ka sani. Ka yi musu faɗan ɓoye-ɓoye, ka kuma ce sun yi haƙuri da horon ranar nan. Girmanka ba zai ragu ba.

Daga nan ka sa rana kafin Argungu, ka gayyato Tamba da sauran tsofaffin ɗalibai, ka kwance igiyar da hannunka. Kai ka kafa dokar, ba a taɓa ganin yadda ake yin ta ba, kai ya kamata ka nuna musu. Ka lura, dokarka ta ce a ajiye ganga, ba ta ce a bar ƙungiya ba. Ka je wurin shugaban kwaleji ka nemi ya bar ka a matsayin mai horarwa. Mutumin da ya daɗe haka yana tafiya daidai da ido kawai, babu ƙafar da za ta kauce a layi bai gani ba. Sababbin shiga na bukatar wannan idon. Ka tafi Argungu cikin kakinka, a gefen layi, magajinka na kaɗa sabuwar fatar da kai ka ɗaura.

Inna Laure kuwa, kada ka riƙe ta. Ita ta fi kowa ƙarfin hali, tunda ita ta dube ka ido da ido. In an buɗe ganga ka tattara mata audugarta ka kai mata, ta daɗe tana kwana a kan matashi rabi. Kuma ka ci tuwonta yau.

Allah ya ƙara maka lafiya, Baba, ya buɗe kunne, ya kai ku Argungu ya dawo da ku cikin mutunci.

Malam Riskuwa